Sayayya ta Intanet a Najeriya: Tambayoyi da Amsoshi

Da wuya ka shiga unguwa a Kano, Kaduna ko Sakkwato ka rasa wanda ya taɓa tura wa baƙo kuɗi ta waya, ya zauna jiran kaya. Wani ya dace, wani ya ciji yatsa. Ga tambayoyin da aka fi yi game da wannan kasuwa, musamman yadda take gudana a Arewa.

Yaushe aka fara sayayya ta intanet a Najeriya?

An fi ambaton 2012, domin a shekarar ne shagunan intanet na Jumia da Konga suka buɗe a Legas. Sim Shagaya ne ya kafa Konga, ita kuwa Jumia kamfanin Rocket Internet na Jamus ne ya tsaya mata da jari. Jiji ta biyo baya a 2014 da nata salon: ba ta sayar da komai da kanta, haɗa mai kaya da mai saye kawai take yi su daidaita tsakaninsu. A 2018 kamfanin Zinox ya saye Konga. A 2019 Jumia ta shiga kasuwar hannun jari ta New York, Jiji kuma ta karɓe harkokin OLX, wani shafi mai irin aikinta, a Najeriya.

Sai dai an share fagen tun kafin su zo. A 2001 aka fara wayar salula ta GSM a ƙasar. A 2011 NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankunan Najeriya, ta fito da tsarin tura kuɗi nan take daga wani banki zuwa wani. Ba don waɗannan biyun ba, da shagunan intanet sun tsaya a hoto.

Me ya sa abin ya bunƙasa haka a 'yan shekarun nan?

Waya ta yi araha a wani lokaci, musamman Tecno, Infinix da Itel, har ta kai hannun ɗan tireda da mai ɗinki. Sannan OPay, PalmPay da Moniepoint suka sa buɗe asusu ya daina buƙatar bin layin banki, masu POS kuma suka cika kowane lungu. Wanda ba shi da asusu ma zai miƙa wa mai POS tsabar kuɗi ya tura masa.

Abubuwa biyu ne suka tura mutane da ƙarfin tsiya. Na farko kullen korona na 2020, lokacin da aka rufe kasuwanni ana dab da azumi, masu kaya suka koma tallata su a waya don kada su kwana a hannunsu. Na biyu, wanda ya fi tasiri nesa ba kusa ba, shi ne canjin kuɗi. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. A watannin farko na 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. A wannan tsakanin mai nama, mai kayan miya da mai shayi, waɗanda da ba sa ko sauraron maganar tiransifa, suka rubuta lambar asusu a kwali suka rataye. Kuɗin da aka tura ta tsarin nan take ya tashi daga kimanin naira tiriliyan 387 a 2022 zuwa kimanin tiriliyan 600 a 2023. Ba duka ne kuɗin sayayya ba, akwai albashi da biyan bashi da aike, amma dattijon da ya saba jin ƙarar alat a shagonsa ya riga ya rage tsoron cinikin nesa.

A Arewa a waɗanne shafuka aka fi yin cinikin?

A WhatsApp. Bayansa Instagram, Facebook da TikTok. Manyan shagunan intanet suna da nasu masu saye, musamman wajen waya, firji, injin markaɗe da kayan lantarki, amma atamfa, leshi, shadda, abaya, mayafi, turaren wuta, humra, kayan kicin, yaji, kilishi da dambun nama a sitatus ake cinikinsu.

Ga yadda yakan kasance. Bayan sallar isha'i wata ta jera hotunan atamfa guda ashirin a sitatus, kowanne da farashi a ƙasa. Wata da ke Gombe ta ɗauki hoton guda, ta zagaye shi da jan layi ta mayar mata: “Hajiya, wannan akwai?” Amsa ta zo da murya: “Akwai, saura turmi biyu.” Sai “Nawa ne ƙarshe?” Sai “Wallahi Anti ba ragi, ni ma haka na saro.” A yi ta ja, a rage ɗari biyar, a sallama. Mai saye ta tura kuɗi ta turo hoton risit. Da safe mai kaya ta kira shagon da take sari a Kantin Kwari, babbar kasuwar yadi ta Kano, a ajiye mata turmin, domin sau da yawa ba ya ma hannunta. Kafin azahar yaro ya kai shi tasha.

Abin lura shi ne babu kamfanin da ya rubuta wannan ciniki a littafinsa. Shi ya sa duk wani lissafi na girman kasuwar intanet da ya dogara da manyan shaguna kaɗai yake barin kaso mai yawa na cinikin Arewa a waje. Kuma tayi da ragi, waɗanda shafin kamfani ba ya yarda da su, suna nan daram. Bahaushe ba ya jin ya yi sayayya idan bai taya ba.

Me ya sa mata suka fi yawa a wannan sana'a?

Domin dama can tasu ce. Matan aure a ƙasar Hausa sun daɗe suna kasuwanci daga cikin gida: a soya ƙosai, a yi ƙuli-ƙuli, a ɗinka hula, yara su fita talla. Kayan da suka fi ƙarfin talla, irin su zannuwa, kwanuka da gwala-gwalai, dillaliya ce ke yawo da su gida-gida, ta karɓi la'adarta. Waya ta ɗauke wa dillaliya tafiyar ƙafa, ta kuma faɗaɗa mata unguwa. Da gidaje talatin ta sani, yanzu lambobi ɗari bakwai ne ke kallon sitatus ɗinta, wasu a Abuja, wasu a Jidda.

Jari ma ba lallai ba ne. Ɗaliba a jami'a za ta iya karɓar hotuna daga mai sari, ta ɗora ribarta, ta tallata, sai an biya ta sannan ta biya shi. Lokacin da kasuwar ta fi ci sananne ne: goman ƙarshe na azumi, gabanin babbar salla, da duk sanda ake haɗa lefe ko kayan ɗaki.

Yaya kayan ke isowa, alhali gidaje da yawa ba su da lamba?

Ta tasha. Wannan shi ne ƙashin bayan cinikin, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. A naɗe kaya a leda ko buhu, a liƙe da salatif, a rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa da babban alƙalami. A kai tashar Unguwa Uku ta Kano ko wata tashar da motocin garin ke lodi, a biya kuɗin saƙo, a karɓi lambar direba a tura wa mai saye. Idan direba ya kusa shiga gari zai kira: “Kai ne mai saƙo daga Kano? Ka same ni a tasha.” In ka makara, ya bar shi a ofishin 'yan yuniyon. Akwai kamfanonin aike masu rajista irin su GIG Logistics da DHL, masu ba da lambar bin sawun kaya, sun fi tsada amma sun fi dacewa da abu mai daraja kamar waya ko kwamfuta.

A cikin gari kuwa kwatance ne adireshi: bayan masallacin Juma'a, layin mai shayi, gida na uku mai jan ƙyaure. Mai kawo kaya zai kira sau uku kafin ya gane. A Kano, inda aka hana acaɓa ɗaukar fasinja tun Janairun 2013, masu babur ɗin kai saƙo da 'yan A Daidaita Sahu ne ke wannan aikin.

Kuɗin aike ya zama abin dubawa tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Ƙaramin abu yanzu kuɗin motarsa na iya kamo kuɗinsa.

Me ya sa masu kaya ba sa yarda a biya su bayan kaya sun iso?

Da wannan tsari manyan kamfanonin suka jawo mutane da farko, kuma ya yi aiki, domin ya cire wa mai saye fargaba. Amma nauyin ya koma kan mai sayarwa. Mutum zai yi oda, a ɗauko kaya daga Legas, a iso ƙofar gidansa ya ce ya fasa, ko ya kashe waya. Ga haɗarin yawo da tsabar kuɗi: a 2017 an kashe wani ma'aikacin kai kaya a Fatakwal bayan an yi odar wayoyi. Kamfani zai iya shanye asarar kayan da aka dawo da su, matar da jarinta bai wuce turmi goma ba ba za ta iya ba. Matsakaicin da ƙananan 'yan kasuwa suka samo shi ne a biya kuɗin mota tukuna, ko a ba da rabi, ragowar in kaya sun iso.

Yaya zan gane ɗan damfara?

Ba shi da tambari a goshi, amma yana da halaye. Farashinsa yakan yi ƙasa ƙwarai da na kasuwa. Yana da gaggawa: saura ɗaya, wani na jira, turo yanzu. Sunan da ke kan asusun banki daban da sunan shagon, kuma idan ka tambaya sai ya ce na ƙaninsa ne. Ya rufe wurin sharhi a shafinsa, ko kuwa sharhin duk yabo ne iri ɗaya. Ba ya yarda da kiran bidiyo.

Gwaji mafi sauƙi shi ne ka ce ya ɗauki bidiyon kayan a hannunsa yanzu, yana ambaton sunanka. Wanda ya saci hotuna daga shafin wani ba zai iya ba. Ka tambayi lambar shagonsa da layin da yake, in kana da ɗan'uwa a garin ya leƙa. Da baƙon mai kaya a fara da ƙaramin abu. Kada kuma ka ba kowa lambar sirrin katinka, ko lambar da banki ke turowa ta saƙo, ko da ya ce mayar maka da kuɗi zai yi. Akwai kuma masu sace WhatsApp ɗin 'yar kasuwar da aka sani, su ci gaba da tallata kayanta da sabon asusu. In wadda ka saba saye a wurinta ta turo sabuwar lambar asusu kwatsam, kira ta ka ji muryarta.

Mai sayarwa ma ana cutarsa. Alat na bogi da risit ɗin da aka gyara sun yi yawa. Hoton risit ba kuɗi ba ne, a buɗe manhajar banki a ga kuɗin sun zauna kafin kaya su fita.

An riga an cuce ni. Ina zan kai kuka?

Bankinka, a ranar, ba gobe ba. Ka ba su risit da lambar asusun da ka tura wa, su tuntuɓi ɗaya bankin ko za a iya riƙe kuɗin kafin a kwashe. Tunda asusu yana ɗaure da BVN ko NIN, mai shi ba ɓoyayye ba ne gaba ɗaya, ko da yake 'yan damfara kan yi amfani da asusun wasu. Sai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC. Idan banki ya yi biris, Babban Banki yana da sashen kare masu hulɗa da bankuna. Idan kuwa rigimar ta kaya ce, an kawo jabu ko an ƙi karɓar mai aibi, akwai FCCPC, hukumar tarayya ta kare masu saye da dokar 2018 ta kafa, jihar Kano ma tana da tata hukumar kare masu saye. Kada ka goge hirarku, har saƙonnin murya.

Gaskiyar magana, a kan naira dubu goma sha biyar mutane ƙalilan ne ke bin wannan doguwar hanya. Idan mai kayan yana da shago a kasuwa, shugabannin layinsa sukan fi saurin kashe magana.

A Musulunci ya halatta a sayi abin da ba a gani da ido ba?

Wannan ba fatawa ba ce, amma mas'alar tsohuwa ce a fiƙihun Malikiyya. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ce babu laifi a sayar da abin da ba ya wurin bisa siffantawa, haka nan sayen abin da ke cikin dila bisa takardar da ta bayyana siffarsa. Ta sa ƙaidi a kan sharɗanta biyan kuɗi tun kafin kaya su zo, sai in wurin yana kusa ko abin ba mai saurin canzawa ba ne. Idan kaya suka zo saɓanin yadda aka siffanta, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Ke nan rubuta “ba a dawo da kaya” a saman shafi ba ya halatta wa mai sayarwa kuɗin leshin da ya ɗauka a hoto da hasken da ya canza masa launi. Wannan algus ne, kuma hadisin da ya yi hani da algus sananne ne.

Inda aka fi tambaya shi ne masu tallata kayan da ba su mallaka ba, saboda hadisin Hakim bin Hizam da ya hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa. Mafitar da malamai kan nuna ita ce mutum ya fito fili a matsayin wakili ko dillali mai karɓar la'ada, ko a ƙulla cinikin salam, wato a biya kuɗi yanzu a kawo kaya daga baya, da siffa da lokaci sanannu. Mai wannan sana'a ya zauna da malaminsa ya zayyana masa yadda yake yi dalla-dalla.

Ya fi araha a kan zuwa kasuwa?

Ga mazaunin Fagge, a'a, ya taka zuwa Kwari ya taɓa yadin da hannunsa. Ga mazauniyar Jalingo ko Birnin Kebbi, ko bayan ribar 'yar tsakiya da kuɗin mota, sau da yawa ya fi mata sauƙi a kan tafiya. A lissafa da kuɗin data, wanda ya tashi bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Temu da AliExpress fa?

Dukkansu shagunan intanet ne na ƙetare. Temu ta shigo Najeriya a ƙarshen 2024 da talla kamar ruwan sama, AliExpress kuwa ta daɗe. Kayan daga Chaina suke tasowa, saboda haka sai an yi haƙurin makonni, kuma farashin yana bin dala. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 a kan dala ɗaya ta haura 1,500 a 2024, abin da ya rage arahar da ake gani a da. Sun fi dacewa da ƙananan abubuwa marasa nauyi. Tufafi da takalma kuwa a duba awon santimita, kada a dogara da harafin girma, kuma a karanta sharhin waɗanda suka saka hoton abin da ya iso musu. Waɗanda wannan gasa ta fi matsa wa su ne ƙananan masu odar kaya daga birnin Guangzhou na Chaina, domin mai saye yanzu yana iya ganin kusan farashin da suka saro.

Wannan zai kashe kasuwannin Kano irin su Kwari da Singa?

Babu alamar haka. Yawancin abin da ake gani a sitatus daga can ya fito. Abin da ya canza shi ne aikin yaron shago: da jiran mai wucewa yake yi yana “Hajiya shigo ki gani”, yanzu rabin yininsa ɗaukar hoton sababbin kaya ne yana turawa zaurukan masu sari. Ɗan kasuwar Azare ko Gusau da ke zuwa Kano duk mako yana iya rage zuwa, ya zaɓa a waya a ɗora masa a mota, abin da matsalar tsaro a hanyoyi ta ƙara wa ƙarfi. Har daga Maraɗi da Damagaram ana irin wannan sari, sai dai rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya nuna cewa hoto yana tsallaka iyaka cikin daƙiƙa, dila kuwa sai an buɗe hanya.

Su kansu manyan kamfanonin ba su samu yadda suke so ba. Jumia ta rufe sashenta na kai abinci a ƙarshen 2023, ta kuma fice daga Afirka ta Kudu da Tunisiya a 2024 don rage asara.

Akwai abin da bai kamata a saya ta intanet ba?

Duk abin da za a sha ko a shafa wanda ba shi da lambar NAFDAC kuma ba a san me ke ciki ba: maganin ƙiba, maganin rage tumbi, haɗin kayan mata, man bilicin da aka juye a robar da ba ta da suna. Bidiyon “kafin” da “bayan” ba shaida ba ne, kuma ƙoda ba ta da gwanjo. Waya ta hannu daga wanda ba ka sani ba ita ma haɗari ce, domin in ta sata ce, a hannunka za a kama ta. Gara Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, inda za a rubuta maka risit da lambar shago. Fili da gida kuwa ko kusa, sai an taka an ga takardu. Ragon layya ana sayarwa a waya, wasu ma suna dacewa, amma kyamara ta iya ƙara wa rago girma, kuma ba ta buɗe bakinsa a ga haƙora. A nemi bidiyon da mutum ke tsaye kusa da shi, a kuma amince tun farko wa zai ɗauki asara in ya karye a mota.

Mutanen karkara suna cikin wannan kasuwa?

Kaɗan-kaɗan, kuma galibi ta hannun wani. A ƙauye akwai saurayi ɗaya ko biyu masu babbar waya da ke yi wa jama'a oda, mai POS ya tura kuɗin, motar ranar kasuwa ta kawo kayan. Saƙon murya ya taimaka ƙwarai, domin wanda bai iya karatun boko ba yana iya ciniki da bakinsa. Abin da ke tare hanya shi ne sabis da wutar caji. A Satumban 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda 'yan bindiga, tiransifa da POS da cinikin waya duk suka tsaya cak na tsawon makonni, mutane suka riƙa tafiya wasu garuruwa don kawai su kira ko su karɓi kuɗin da aka turo musu.